Kamfanin SARL: an sauƙaƙa buɗewa, riƙewa ce ke cin kuɗi

Sama da shekara goma ke nan da ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA suka sassauta dokar kafa kamfani. A yau ɗan kasuwa a Yamai, Garwa, Kwatano ko Abijan na iya karɓar takardun kamfaninsa cikin 'yan kwanaki, da jarin da bai kai kuɗin babur ba. Gwamnatoci kuma na alfahari da yawan kamfanonin da ake yi wa rajista kowace shekara. Amma a unguwannin zango da manyan kasuwannin yankin, inda Hausawa ke juya miliyoyin sefa a cinikin hatsi, dabbobi, goro, albasa da atamfa, akasarin harkar na tafiya ne kamar da, wato da sunan maigida, a kan amana da sanayya.

Ana yawan ɗora wannan a kan rashin sani ko gudun lanho. Idan aka zauna aka yi lissafi, za a ga wani dalili da ya fi waɗannan nauyi. Kuɗin buɗe kamfani sau ɗaya ake biyan sa, kuma shi ne aka rage. Kuɗin riƙe kamfani kuwa kowane wata da kowace shekara yake dawowa, ko an ci riba ko ba a ci ba, kuma shi ba a taɓa shi sosai ba.

Abin da gyaran 2014 ya sauya

An kafa OHADA ne da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Port-Louis na tsibirin Moris ranar 17 ga Oktoban 1993, domin ƙasashen su yi aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya. Nijar, Kamaru, Cadi, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali da Kodebuwa duk suna ciki. Nijeriya, Gana da Sudan ba sa ciki.

Kamfanin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi buɗewa a ƙarƙashin wannan doka shi ne SARL, kamfani mai iyakantaccen alhaki. Ma'anarsa ita ce kamfanin na zama mutum mai zaman kansa a idon shari'a, da sunansa da dukiyarsa da bashinsa. In ya karye, hasarar masu shi na tsayawa a kan jarin da suka zuba. Mutum ɗaya ma na iya kafa shi.

Dokar farko ta 1997 ta ce sai da jarin sefa miliyan 1 za a kafa SARL, kuma sai an bi ta hannun noter, wato lauyan da hukuma ta ba hatimin tabbatar da takardu. A ranar 30 ga Janairun 2014 majalisar ministocin ƙungiyar ta yi wa dokar gyara a Wagadugu, gyaran kuma ya fara aiki ranar 5 ga Mayun shekarar. An bar miliyan ɗayan a sashe na 311, amma aka ƙara cewa kowace ƙasa na da ikon yanke nata adadin. Haka aka yi da batun noter a sashe na 10.

Nan da nan ƙasashe suka shiga rige-rigen ragi. Kodebuwa ta bar wa masu kamfani su yanke jarin da suka ga dama tun a watan Afrilun 2014. Burkina Faso ta fara saukowa zuwa sefa 100,000, daga baya ta kai shi 5,000. Nijar da Togo su ma sun rage fiye da sau ɗaya. Kamaru, da dokar 14 ga Disamban 2016, ta tsayar da sefa 100,000, wato jaka ɗari, ta kuma ce ba dole ba ne a je wurin noter idan mai kamfanin mutum ɗaya ne ko kuma jarin bai wuce miliyan 1 ba.

Akwai abin da ya zaburar da su. A lokacin, rahoton Doing Business na Bankin Duniya na jera ƙasashe kowace shekara, kuma yawan kwanaki, yawan matakai da mafi ƙarancin jarin buɗe kamfani na cikin abubuwan da ke ɗaga ƙasa ko su sauke ta. Rage jari da sa hannun minista abu ne mai sauƙi, kuma sakamakonsa na fitowa a rahoton baɗi. Bankin ya daina fitar da rahoton a watan Satumban 2021 bayan an gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe, amma tsarin da ya haifar na nan: ƙofa a buɗe, ɗaki kuma yadda yake.

Kuɗin ranar farko

Abu na farko da ya kamata a bambance shi ne jari ba kuɗin hukuma ba ne. Ana ajiye shi a banki ko wurin noter, kuma da zarar an yi rajista sai ya koma hannun kamfani a yi kasuwanci da shi. Doka ta yarda a zuba rabin jarin tsabar kuɗi tun farko, a cika saura cikin shekara 2. Kowane kaso na jari ba ya gaza sefa 5,000. Wanda zai sa mota, shago ko injin niƙa a matsayin jari, in darajarsu ta haura miliyan 5, sai an ɗauko ƙwararre ya kimanta su, kuma shi ma biyan sa za a yi.

Kuɗin da ke tafiya ba dawowa su ne na rubuta kundin ƙa'idojin kamfani, na tambura, na shiga rajistar kasuwanci ta RCCM a ofishin magatakardan kotu, na buga sanarwa a jaridar da aka amince da ita, da ladan noter ga wanda ya bi ta hannunsa. Kusan kowace ƙasa ta tara waɗannan matakai a ofishi guda: Maison de l'Entreprise a Nijar, CFCE a Kamaru, ANIE a Cadi, APIEx a Benin, CFE a Togo, CEFORE a Burkina Faso, CEPICI a Kodebuwa. A nan ne ake samun lambar haraji, wadda ake kira NIF a Nijar, NIU a Kamaru, IFU a Benin.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta a allon ofis ba. Sashe na 25 ya hana kamfani ya ba da akwatin gidan waya kaɗai a matsayin mazauni, don haka sai da adireshi na zahiri, galibi da takardar haya. Ɗan kasuwar da rumfarsa ke cikin kasuwa ba tare da takarda ba, sai ya nemi wani wuri. Wanda ke zaune nesa da babban gari zai biya kuɗin mota da masauki. Sannan takardun galibi da Faransanci ake cika su. Harsunan aikin OHADA huɗu ne: Faransanci, Ingilishi, Sifaniyanci da harshen Fotugal. Attajirin da ya yi karatun allo, wanda ke riƙe lissafin miliyoyi a ka ko a ajami, dole ya ɗauki mai shiga tsakani, ya kuma sa hannu a kan abin da wani ya karanta masa. Ko a Nijar, inda aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, Faransanci na nan cikin harsunan aiki, kuma da shi ake cika takardun kamfani.

Duk da haka, in aka haɗa su gaba ɗaya, kuɗin ranar farko ba su ne ke karya mai matsakaicin jari ba.

Nauyin da ke dawowa

Daga ranar da aka ba kamfani lamba, agogo ya fara bugawa. Na farko shi ne lissafi. Tun 1 ga Janairun 2018 ake aiki da sabon tsarin SYSCOHADA, wanda aka amince da shi a Brazzaville a watan Janairun 2017. Shekarar lissafi na ƙarewa ranar 31 ga Disamba, a kammala bayanan kuɗi cikin wata 4, masu kamfani su zauna su amince da su cikin wata 6, a kai kwafi ofishin rajista cikin wata guda bayan zaman, a kuma adana takardu har shekara 10. An tanadi sassauƙan tsari ga ƙananan harkoki: waɗanda cinikinsu na shekara bai kai miliyan 60 ba a saye da sayarwa, miliyan 40 a sana'ar hannu, miliyan 30 a aikin hidima. Sai dai dillalin shanu ko mai sarin masara na iya wuce miliyan 60 cikin 'yan watanni, alhali ribarsa ba ta taka kara ta karya ba. Da ya wuce, sai cikakken tsari, kuma cikakken tsari sai da kwantabul, ko na albashi ko na ofishin da ake biya duk wata.

Ƙananan SARL sun tsira daga ɗaukar mai binciken lissafi na waje. Sashe na 376 ya wajabta shi ne kawai idan kamfani ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: jimillar kadara sama da miliyan 125, ciniki sama da miliyan 250, ko ma'aikata na dindindin sama da 50.

Na biyu shi ne ma'aikata. A tsarin gargajiya, yaran shago 'yan'uwa ne ko 'ya'yan abokai. Maigida ke ciyar da su, ya yi musu aure, in sun kai ya ba su jari ya sallame su. A idon doka kuwa, duk wanda ke aiki a kamfani ma'aikaci ne, sai an yi masa rajista a asusun CNSS ko CNPS, ana zuba masa kaso. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa 42,000 daga Janairun 2024, a Kamaru kuma 60,000 ne tun 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba. Maigidan da ya mai da gidansa kamfani zai ci gaba da ɗaukar nauyin al'ada, ya ƙara da na doka a kai.

Na uku shi ne tarin ƙananan abubuwa: patanti, harajin haya, kuɗin riƙe asusun banki, da na'urar fitar da rasit mai shaidar hukuma da Benin da Nijar suka wajabta wa kamfanoni. Ga kuma bayanin wata-wata, wanda ko ba a sayar da komai ba sai an kai shi, in an makara a ci tara. Duk sauyin da aka yi, na manaja, na mazauni ko na masu kaso, shi ma sai an sake rajista da sanarwa, a sake biya.

Harajin da ba ya duban riba

Mafi nauyi a cikinsu shi ne haraji, kuma ba adadin da ake gani a sama ne matsalar ba. Harajin ribar kamfani kashi 30 cikin 100 ne a Nijar, 27 a Togo, 25 a Kodebuwa. A Kamaru kashi 33 ne, amma tun 2023 kamfanin da cinikinsa bai wuce biliyan 3 ba na biyan 27.5. Wannan a kan riba ne, kuma mai hankali ba zai ce a hana hukuma rabonta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne mafi ƙarancin haraji, wanda ake yankewa a kan ciniki gaba ɗaya. Akasarin ƙasashen yankin na da shi. Hujjar hukumomi ita ce kamfanoni da yawa na ɓoye riba su ce sun yi hasara, don haka gara a kama abin da ba ya ɓoyuwa. A Kamaru, kamfanin da ke tsarin cikakken lissafi na biyan kashi 2.2 cikin 100 na cinikinsa kowane wata, kuma wannan shi ne ƙasan abin da zai biya ko da ya faɗi.

A ɗauki misali da kamfanoni biyu a Garwa, kowanne ya yi cinikin sefa miliyan 100 a shekara. Na farko na sarin hatsi ne, bayan kuɗin mota, dako, sito da na hanya, ribarsa miliyan 3. In da a kan riba za a yanka, zai biya sefa 825,000. Amma mafi ƙarancin haraji ya kai miliyan 2.2, don haka shi zai biya, ya tashi da 800,000. Kusan kashi uku cikin huɗu na ribarsa ya tafi. Na biyu na aikin kwamfuta ne ko ba da shawara, ribarsa miliyan 30. Zai biya miliyan 8.25, wato kashi 27.5 daidai, kuma mafi ƙarancin harajin bai shafe shi ba. In mai hatsin ya so ya ɗebi abin da ya rage ya kai gida, akwai wani harajin a kan rabon riba.

Wannan lissafi ne ke bayyana abin da ake gani a kasuwa. Fataucin da Hausawa suka shahara da shi na juya kuɗi masu yawa ne a kan riba ƙanƙanuwa. Irin wannan harka ce harajin ciniki ya fi yi wa illa. Ga kuma wata matsalar: manomin da ya sayar da masara a kasuwar ƙauye, ko makiyayin da ya sayar da sa, ba ya ba da rasit. Abin da ba shi da takarda kuwa, jami'in lanho na iya ƙin lissafa shi cikin kuɗin da aka kashe, sai ribar da ke kan takarda ta fi ta gaskiya. Harajin TVA, wanda yake kashi 19 a Nijar, 19.25 a Kamaru, 18 a Benin da Togo, shi ma na sa kayan kamfani su fi na maƙwabcin da ba ya karɓar sa tsada, in dai kayan ba sa cikin waɗanda aka yafe.

Katangar da ake saye

To me ake samu a madadin wannan duka? Abu uku ne manya.

Na farko shi ne katanga tsakanin dukiyar kasuwa da ta gida. Ɗan kasuwar da ke aiki da sunansa, in tirela ta kife da kaya ko abokin ciniki ya gudu da kuɗi, masu bin bashi na iya kaiwa har ga gidansa da gonarsa. Mai SARL na da kariya daga wannan. Sai dai katangar na da tsaga. Banki ba ya ba kamfani mai jarin jaka ɗari bashin miliyoyi sai manaja ya tsaya da kansa ko ya jinginar da takardar gidansa, kuma da ya sa hannu kariyar ta faɗi a kan wannan bashin. Dokar karayar kamfanoni, wadda aka sabunta a Grand-Bassam a watan Satumban 2015, ta ba kotu ikon ɗora wa manaja bashin kamfani in sakacinsa ne ya jawo giɓin. Sashe na 356 kuma ya hana manaja ko mai kaso cin bashi daga kamfanin, sashe na 891 ya mai da amfani da dukiyar kamfani don buƙatar kai laifi. Maigidan da ya saba zura hannu a aljihun shago don biki, suna ko kujerar Makka, sai ya koyi yanka wa kansa albashi. Haka nan in hasara ta cinye fiye da rabin jari, dole masu kamfani su zauna su yanke ko a rufe ko a cike giɓin cikin shekara 2. Jari ƙarami na nufin hasara kaɗan ta isa ta jawo wannan.

Na biyu shi ne shiga inda ba a shiga sai da takarda. Kwangilar gwamnati, odar ƙungiyoyin agaji masu sayen hatsi da yawa, zama wakilin babban kamfanin siminti ko na sadarwa, da fiton kaya a duwan da sunan kai, duk suna neman rajista da shaidar biyan haraji. Wanda ba shi da lamba ma ana cire masa kaso mafi yawa tun a wurin saye: a Benin, kuɗin da ake riƙewa a gaba kashi 1 ne ga mai lambar IFU, kashi 5 ga wanda ba shi da ita. Batun bashin banki kuwa, wanda ake yawan kwaɗaita wa mutane, ba ya jan 'yan kasuwa da yawa da ke ƙyamar kuɗin ruwa saboda addini.

Na uku shi ne gado, kuma shi ne aka fi mantawa. Gidajen kasuwanci da dama a zango sun watse bayan rasuwar maigida, domin an raba shago, mota da kaya, kowa ya kama gabansa. SARL na iya rayuwa har shekara 99, kuma mutuwar mai kaso ba ta rusa shi sai in kundin ƙa'idojinsa ya ce haka. Magada na raba kaso ne gwargwadon rabon kowa, harkar kuma ta ci gaba da tafiya a dunƙule.

Darasin Kwatano

An taɓa gwada wannan tambaya a aikace. Tun a gyaran da aka yi a Lome ranar 15 ga Disamban 2010, OHADA ta ƙirƙiro wani matsayi mai sauƙi ga masu ƙaramar sana'a, wanda ake kira entreprenant, inda mutum ke bayyana sana'arsa ba tare da kafa kamfani ba. Da Benin ta fara aiki da shi, masu bincike na Bankin Duniya sun bi sawun masu sana'a kusan 3,600 a Kwatano. Rajistar kyauta ce. Waɗanda aka je har wurinsu aka yi musu bayani aka taimaka musu da takardu, rajista ta ƙaru a cikinsu da kusan maki 10 cikin 100. Waɗanda aka ƙara musu da horo, taimakon buɗe asusun banki da sasanci da jami'an haraji, ta ƙaru da kusan maki 16. Mafi yawa dai ba su shiga ba. Waɗanda suka shiga kuma ba a ga cinikinsu ko ribarsu ta ƙaru a zahiri ba, kuma kuɗin da aka kashe wajen jawo su ya fi harajin da za su biya cikin shekaru masu yawa.

Idan matsayin da ba ya cin ko dala ya kasa jan jama'a, rage jarin SARL kaɗai ba zai ja su ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa kusan kashi 86 cikin 100 na masu aiki a Afirka na wajen tsarin hukuma.

In an tsallaka iyaka

Ga Bahaushen da harkarsa ke tsakanin ƙasashe biyu ko uku, akwai wani ƙarin lissafi. Dokar OHADA ɗaya ce, kotun ƙolinta na Abijan, amma haraji na kowace ƙasa ne. Kamfanin Lome da ya buɗe reshe a Yamai sai ya yi rajista a can, ya shiga hannun hukumar harajin can. Ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairun 2025 ba ta fitar da su daga OHADA ba, don haka dokar SARL ɗinsu na nan. Abin da ya sauya shi ne hanya da duwan: iyakar Nijar da Benin da aka rufe a 2023, da harajin kashi 0.5 da ƙawancen AES ya sa wa kayan da ke shigowa daga waje a 2025. Kamfanin da kayansa suka maƙale a hanya bai tsira daga haya, albashi da bayanin wata-wata ba.

Kamfanin Nijeriya ko na Gana da ya buɗe reshe a ƙasar OHADA, sashe na 120 ya ba shi shekara 2 ya mai da reshen kamfanin cikin gida, sai in an yi masa rangwame. A Nijeriya, dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani da jarin naira 100,000, amma hukumar CAC ta sha sanar da shirin soke rajistar dubban kamfanonin da suka daina kai bayanin shekara. A Gana, dokar zuba jari ta 2013 ta ce baƙon da zai yi saye da sayarwa sai da jarin dalar Amurka miliyan 1 da ma'aikata 'yan ƙasa 20, ta kuma keɓe kasuwancin cikin kasuwa ga 'yan ƙasa. Da ita aka kafa hujja wajen rufe shagunan baƙi a Akara da Kumasi a 2019 da 2020. A 2025 Shugaba John Mahama ya bayyana aniyar cire sharaɗin jarin. Bahaushen zango ɗan Gana ba ya cikin wannan takunkumi, amma ɗan'uwansa da ya zo daga Tawa ko Sakkwato yana ciki. Wannan ne ke sa wasu yin rajista da sunan ɗan ƙasa. Hatsarin a fili yake: a gaban kotu, wanda sunansa ke takarda shi ne mai kamfani.

Rufewa ma da kuɗinta

Kamfanin da ya daina aiki bai mutu ba. Muddin sunansa na rajista, hukumar haraji na jiran bayaninsa, tara kuma na taruwa. Rufewa ta doka na buƙatar zaman masu kaso, naɗa wanda zai tattara kadara ya biya bashi, sanarwa a jarida, wankewa daga haraji da asusun ma'aikata, sannan a goge suna. Doka ta ba da har shekara 3 a kammala. Matasa da yawa da suka buɗe kamfani don neman kwangila guda, ba ta samu ba, suka jefa takardu a akwati, sai ranar da suka je neman wata shaidar haraji suke tarar da bashin shekaru na jiran su.

Wa ya kamata ya buɗe?

Lissafin na nuna SARL na biyan kansa ne ga mutum iri huɗu: mai neman kwangila ko odar manyan masu saye, wanda harkarsa ke da hatsarin da zai iya cinye gida kamar sufuri da gini, abokan haɗin gwiwa da ke buƙatar a rubuta rabon kowa, da maigidan da ke son harkarsa ta wuce shi. Mai ƙaramin shago da ke sayar wa jama'a kai tsaye ya fi samun sauƙi a rajistar mutum ɗaya ko matsayin entreprenant, tare da dunƙulallen harajin da ƙasashe da dama suka tanadar wa masu ƙaramin ciniki, kamar TPS a Benin. Wanda ya yanke shawarar buɗewa, tambayar da ta fi muhimmanci ya yi wa kwantabul ita ce nawa kamfanin zai ci a shekarar da ba a sayar da komai ba. Cibiyoyin CGA, masu riƙe wa ƙananan kamfanoni lissafi a farashi mai sauƙi tare da ragin haraji ga mambobinsu, na rage wani ɓangare na nauyin.

A ɓangaren gwamnatoci, gyaran da ya rage ya fi na 2014 wuya, domin yana taɓa baitulmali. Kamaru ta riga ta yarda a yanke mafi ƙarancin haraji a kan tazarar saye da sayarwa ga wasu kayayyaki da hukuma ke ƙayyade ribarsu, kamar man fetur da magunguna. Faɗaɗa wannan zuwa hatsi da dabbobi, amincewa da wata sassauƙar shaidar saye daga manoma da makiyaya, samar da hanyar dakatar da kamfani ko rufe shi cikin sauƙi, da fassara takardu zuwa harsunan kasuwa, su ne matakan da za su sauya lissafin ɗan kasuwa. Kafin a kai can, yawan kamfanonin da aka buɗe a shekara ba ya nuna komai sosai. Adadin da zai nuna ko gyaran ya yi aiki shi ne na waɗanda ke kai bayanin kuɗinsu a shekara ta uku.